In canza furosesa ko in haƙura da wadda nake da ita?

Mai Montaj: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema kafin in zubar da kuɗina a rariya. Kwamfutata ta tebur ce, na haɗa ta a 2020: furosesa (ƙwaƙwalwar injin) Ryzen 5 3600, katmer (allon da duk kayan ke hawa a kai) B450, katin hoto GTX 1660 Super, RAM 16 GB, SSD (disk mai sauri) ɗaya da babban disk na ajiya. Da rana montaj nake yi, wato yanka da haɗa bidiyo, a manhajar Premiere, bidiyon biki da suna da walimar sauka. Da dare in yara sun kwanta sai in ɗan taɓa ƙwallo ko Warzone. Yanzu abin ya fara isa ta. Bidiyon biki na minti 40 sai in sa shi fita bayan magariba, in yi isha'i, in ci tuwo, in dawo in tarar yana jan ƙafa. A wasa kuma hoto na sarƙewa daidai lokacin da harbi ya kacame. Ina da jika 150 a hannu. Wani ya ce in sa furosesa 5700X3D, wani ya ce 5900X, wani ya ce in sayar da duka in koma AM5, sabon tsarin katmer da furosesa na kamfanin AMD. Ni dai kaina ya ɗaure.

Ɗan Wasa 227: Wa alaikumus salam yaya. X3D kawai, kar ka tsaya dogon tunani. Wannan ma'ajiyar da aka ɗora mata a kai, 96 MB, ita ce sirrin. Taka 32 MB gare ta. Wasa irin Warzone yana son abin da yake nema ya kasance kusa da hannu, ba sai an aika RAM ba. Sarƙewar nan da kake faɗi za ta ɓace.

Bakatsine: Da 1660 Super? Haba ƙanena. Ka ɗaura wa jaki sirdin doki ke nan.

Ɗan Wasa 227: To ai daga baya sai ya canza katin.

Bakatsine: Da wane kuɗi, bayan ka cinye masa jika 150 ɗin?

Malam Mai Gyara: Salamu alaikum. Ɗana, kafin a kai ga wacce za ka saya, akwai tambayoyin da babu wanda ya yi maka. RAM ɗin nan 16 GB, sanda ɗaya ce ko biyu? Yaushe rabon da a buɗe injin a hure masa ƙura? Tun da aka haɗa shi an taɓa sake man da ake shafawa tsakanin furosesa da radiyata, ƙarfen da ke sanyaya ta? Kuma fankar da ke kai, ƙaramar nan ce da ta zo cikin kwali? Shekara da shekaru ina wannan aiki a garin nan, kuma mafi yawan injinan da ake kawo mini ana cewa furosesa ta tsufa, in na buɗe sai in tarar da bargon ƙura a kan radiyata kamar auduga. Furosesa ba ta gajiya kamar mutum. Amma in ta ji zafi ya yi yawa da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Taka iyakarta digiri 95. A watan Afrilu da Mayu da ɗaki kansa yake haura 40, ƙaramar fankar nan iskar zafi kawai take juyawa.

Mai Montaj: Malam, gaskiya tun da aka haɗa ba a taɓa man ba. Fankar ta cikin kwali ce. RAM ɗin kuma ban sani ba, ina jin sanda ɗaya ce. Shagon babu kilim, na'urar sanyaya ɗaki, fanka ce ta sama.

Malam Mai Gyara: To ka gani. Kar ka sayi komai tukuna. Ka sauko da manhajojin duba inji, CPU-Z da HWiNFO, duk kyauta ne. A CPU-Z ka duba wajen RAM ka gaya mana hanya ɗaya take bi ko biyu, da gudun da take yi. Sannan ka bar HWiNFO a buɗe ka sa bidiyo fita, bayan minti goma ka ɗauko mana hoton zafi da gudun furosesa. Da dare in ka shiga wasa ka duba katin hoto kashi nawa yake aiki. In yana 98 ko 99 kullum, shi ne ya kai ƙarshen ƙarfinsa, ko furosesar sarki ka sa ba za ka ga wani abin kirki ba.

Ɗalibin Jami'a: Ina ƙara wa Malam wata dabara mai sauƙi. Ka rage girman hoton wasan daga 1080 zuwa 720, ka sauke komai ƙasa. In yawan hoto a daƙiƙa ya tashi sosai, katin ne ke riƙe ka. In ya tsaya inda yake, furosesa ce ko RAM. Minti biyar ya isa.

Hajiyar Hoto: Ni ta wajen aikin zan yi magana, don wasan ba ruwana da shi. Ɗan'uwa, wasa ba shi ke ciyar da gidanka ba, montaj ne. Kar yaran nan su ruɗe ka da X3D. 5700X3D gudunta yana tsayawa a 4.1 GHz, 5700X ta gama-gari tana kaiwa 4.6, kuma zuciya takwas-takwas gare su, wato sassan cikin furosesa da ke raba aiki a lokaci guda. An rage wa X3D gudu ne saboda ma'ajiyar da aka ɗora a sama tana riƙe zafi. Wajen fitar da bidiyo babbar ma'ajiyar ba ta taimaka kamar yadda take yi a wasa, don haka za ka biya kuɗi mai yawa ka samu wadda ta fi jinkiri a aikin da ake biyanka. In aiki ne zalla, 5900X mai zuciya 12 ta fi su duka.

Ɗan Wasa 227: Hajiya ai ba a ce X3D ba ta montaj ba. Daga zuciya shida zuwa takwas, kuma daga zubin Zen 2 zuwa na gabansa Zen 3, ai ya ci riba ta ko'ina.

Hajiyar Hoto: Ban ce bai ci riba ba. Na ce akwai inda zai fi cin riba da kuɗi kaɗan. Kai uwarka ke ba ka tuwo, shi amarya ke kiransa sau biyar a rana tana tambayar kasetinta.

Ɗan Wasa 227: Hajiya a yi haƙuri, na ɗaga hannu.

Malam Mai Gyara: Game da 5900X ina da ja. A takarda wat 105 aka rubuta, amma in ta duƙufa aiki tana jan har 142. B450 kala-kala ne. Akwai masu ƙarfen sanyaya a kan ƴan kayan da ke ba furosesa wuta, akwai waɗanda tsirara suke. In naka na tsirara ne, a shagon da babu kilim, katmer ɗin ne zai yi zafi ya tilasta mata rage gudu, ka biya kuɗin zuciya 12 ka riƙa cin moriyar takwas. Ga shi dole ka sayi babbar radiyata, don ba ta zuwa da fanka. Ita ma 5700X ba ta zuwa da fanka, amma ajin wat 65 ce kamar taka, radiyata mai tsaye matsakaiciya ta ishe ta. Mu nan ba Faransa ba ne. Gwaje-gwajen da kuke kallo a YouTube a ɗakin da bai kai digiri 25 ba ake yin su.

Bakatsine: Ni kuwa ra'ayina daban. AM4, tsarin da katmer ɗinka ke kai, tun 2016 ake kanta, ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata, amma ta zo ƙarshen hanya. Duk abin da ka zuba a kai yau, gobe ba ka da inda za ka ƙara gaba. AM5 ta fito a Satumba 2022, kuma AMD sun ce za su ci gaba da yi mata furosesa har 2027 ko fiye. Ka sayar da madabod, wato katmer, da furosesa da RAM tun suna da daraja, ka haɗa da kuɗinka ka sayi sabon tushe. Ko Ryzen 5 7600 ka fara da ita, nan gaba ka ɗora babba.

Ɗalibin Jami'a: Lissafin ba zai fita ba yaya. AM5 DDR5 kawai take karɓa, RAM ɗinsa ba ta shiga. Abu uku ke nan zai saya a lokaci guda: furosesa, katmer, RAM. Kuma a ƙarshe ya sake komawa zuciya shida da katin hoto na 2019. Sannan wa zai sayi tsofaffin da daraja a Maradi? Duk wanda ka kai wa zai ce maka kwance ne.

Bakatsine: A Kano ana saye.

Ɗalibin Jami'a: A naira. Ka sayar a naira, ka canza zuwa sefa, ka cire kuɗin mota ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina zuwa da dawowa, me ya rage?

Bakatsine: To shi ke nan, ku da kuɗinku mai nauyi.

Hajiyar Hoto: Tunda ana maganar sake tushe, ni Intel nake aiki da ita kuma da dalili. Kyamarata tana ɗaukar wani nau'in bidiyo mai nauyi, H.265 mai 10-bit 4:2:2, katin Nvidia irin nasa ba ya iya kwance wannan, wato karanta shi, amma ɗan katin hoton da ke cikin furosesar Intel yana yi ta Quick Sync. Sai dai ba zan ce ya bi ni ba. Na farko, in bidiyonsa na waya ne da ƙananan kyamarori, 4:2:0 ne, katinsa yana kwance shi lafiya lau. Na biyu, manyan furosesocin Intel zubi na 13 da 14 sun yi matsalar lalacewa saboda wutar da suke ja, har kamfanin ya fitar da gyaran BIOS, manhajar cikin katmer da ke tayar da inji, a 2024 ya ƙara garanti shekara biyu. Garantin nan wa zai bi maka shi daga nan? In kwance ce ka saya, ba ka san wahalar da ta sha a hannun mai ita na farko ba.

Mai Montaj: Na dawo da sakamako, kuma kunya ta kama ni. RAM sanda ɗaya ce, CPU-Z ya nuna hanya ɗaya. Gudun kuma ya rubuta 1066, alhali a jikin sandar 3200 aka rubuta. Ko an cuce ni ne? Zafi lokacin fitar da bidiyo ya kai 94, gudun furosesa ya sauko ƙasa da 3.7. A Warzone katin hoto yana 99 yawancin lokaci, da na koma 720 hoton ya ƙaru sosai, amma sarƙewar tana nan jefi-jefi.

Ɗalibin Jami'a: Ba a cuce ka ba. CPU-Z rabi yake nunawa, 1066 sau biyu 2133 ke nan. Haka DDR4 da yawa take tashi in ba a gaya mata komai ba. Sai ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, a wasu katmer DOCP ake ce masa, sannan ta hau 3200 ɗinta, a CPU-Z ka ga 1600. Wato tun 2020 kana tafiya a giya ta biyu. Kuma Ryzen ta fi kowa jin wannan, don hanyar da ke haɗa sassan cikinta da gudun RAM take tafiya.

Malam Mai Gyara: Alhamdulillahi, ga ciwon ya fito fili. Sanda ɗaya kamar rijiya ce mai guga ɗaya, ga mutum shida na jiran ruwa. Ka nemo ta biyu irin ta farko, 16 GB 3200, in an samu kamfani ɗaya ya fi, ka samu 32 GB da hanya biyu. Premiere zai ji daɗin yawan, wasa zai ji daɗin hanyar. In katmer ɗinka rami huɗu gare shi, rami na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sa su, amma ka duba littafinsa. Sannan a wanke radiyata a sake mai. Ka kawo mini ko ka yi da kanka, amma in da kanka za ka yi ka saurara da kyau. Furosesar AM4 ƙafafunta a jikinta suke, siraran allurai sama da 1300. Tsohon mai in ya bushe yana zama kamar siminti. In ka fizgi radiyata a sanyi, furosesar za ta biyo ta ta fito daga ramin alhali maƙullin yana rufe. Wani yaro ya taɓa kawo mini tasa a ƙulle cikin hankici, layi biyu na ƙafafu sun kwanta. Da reza da bakin fensir mai tura gawayi na yini ina tayar da su ɗaya-ɗaya, idona har ruwa yake. Ta tashi, amma hanya ɗaya ta RAM ta tafi ke nan. Don haka ka bar injin ya yi aiki ya ɗumama, ka kashe, ka cire waya, ka kwance kusoshi, ka murza radiyatar hagu da dama a hankali har ta saki. Ba a ja sama.

Mai Montaj: Malam ku za ku yi, ni hannuna rawa yake.

Hajiyar Hoto: Tsaya, akwai abin da nake zargi. Da katin Nvidia bai kamata furosesa ta kai 94 wajen fitar da bidiyon 1080 ba. In ka zo fitarwa, a wajen saitin H.264 me ka zaɓa? Zagaye ɗaya ko zagaye biyu?

Mai Montaj: VBR zagaye biyu. Wanda ya koya mini ya ce shi ya fi kyau.

Hajiyar Hoto: Ga ɓarawon. In ka zaɓi zagaye biyu Premiere ba ya amfani da injin matse bidiyo na cikin katin, NVENC, sai ya jibga wa furosesa aikin duka, kuma sau biyu take bin bidiyon daga farko zuwa ƙarshe. Ka koma zagaye ɗaya, ka zaɓi matsewa ta katin, ka ɗan ƙara yawan bit in kana tsoron raguwar kyau. Bidiyon da za a tura ta WhatsApp ko a kalla a talabijin ta makullin USB, wallahi ko uwar amarya ba za ta ga bambanci ba. Katinka yana da NVENC mai kyau, kana biyan kuɗin kuran yana zaune yana hamma.

Ɗan Wasa 227: Wato duk shekarun nan furosesar ake zagi ba laifinta.

Ɗalibin Jami'a: Da saura. Bidiyon wayoyi da dangin ango ke turo maka, yawancinsu yawan hotonsu a daƙiƙa ba tsayayye ba ne, shi ke sa murya ta gudu ta bar baki kuma layin montaj ya riƙa tsalle. Ka fara mayar da su tsayayyu da manhajar HandBrake, ko ka yi musu ƙananan kwafi na aiki a Premiere, ka yanka a kansu, wajen fitarwa ya ɗauko na asali. Kuma fayilolin da kake aiki a kai su zauna a SSD. In suna babban disk mai juyawa ne, shi ma yana ja maka.

Mai Montaj: A babban disk suke. Yau dai na sha tonon silili.

Bakatsine: Na janye maganar AM5 zuwa wani lokaci. Amma ka sani katin nan mai 6 GB shi ne na gaba da zai tsaya maka a wuya a wasannin yanzu. In ka tara kuɗi can za su tafi.

Malam Mai Gyara: Ko da ka yanke shawarar sa 5700X nan gaba, ka ajiye wannan a ranka. B450 yana karɓar Ryzen 5000 amma sai an sabunta BIOS, kuma da tsohuwar furosesar a ciki ake yi, kafin a cire ta. In ka riga ka sayar da ita, sabuwar ba za ta tashi ba, sai in katmer ɗinka na da maɓallin sabuntawa ta USB a baya. Kuma kada ka kuskura ka yi shi ba ondila, batirin nan mai riƙe inji in an ɗauke wuta. Na taɓa yi wa wani a kan gadara, saura kaɗan a gama aka ɗauke kuran, katmer ya mutu murus. Sai da na aro ƴar na'urar CH341A na maƙala wa guntun BIOS na sake rubuta shi, kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Abu na ƙarshe, in Windows ɗinka yana da BitLocker, makullin disk, a kunne, ka dakatar da shi ko ka rubuta mabuɗin a takarda kafin canji, don sabuwar furosesa na iya sa ya tambaye ka shi. Bidiyon mutane na ciki.

Mai Montaj: Ondila ba ni da shi Malam, regilata kawai.

Malam Mai Gyara: Kana aikin awa biyu a kan bikin mutane ba ondila? To wannan ya riga furosesa a layi.

Ɗan Wasa 227: Ni fa har yanzu ina kan bakata. Bayan duk gyaran nan, ranar da ya sa katin hoto babba zai tuna da ni. 5800X3D tun Afrilu 2022 ta fito kuma har yau masu ita ba su kuka.

Hajiyar Hoto: Ranar ta zo tukuna.

Mai Montaj: Bayan kwana huɗu, ga rahoto. Malam ya buɗe injin, abin da ya fito daga radiyata ba zan sa hotonsa ba don mutuncina. An sake mai, an sa radiyata mai tsaye, an ƙara sanda ta biyu, an kunna XMP, CPU-Z yanzu hanya biyu da 1600. Na mayar da fayilolin aiki SSD. Bidiyon nan na minti 40 da ke cin fiye da awa ɗaya da rabi, da matsewar katin ya fita kafin in gama shan shayi zagaye na biyu, wajen minti 20. Zafi bai wuce 75 ba da tsakar rana. Warzone yawan hoton bai ƙaru can-can ba, katin na nan a 99 ɗinsa, amma sarƙewar ta ragu ƙwarai. Inda har yanzu nake jin nauyi shi ne in na jera kyamara uku na 4K a lokaci guda da gyaran kala, nan furosesar tana cika maƙil.

Ɗalibin Jami'a: Nan ne kawai zuciya takwas za ta yi maka amfani na gaske. Ka gwada ƙananan kwafin tukuna.

Mai Montaj: Zan gwada a aikin Asabar. Abin da ya rage a kuɗin ondila zan saya. In bukukuwan bayan Sallah sun yi albarka kuma 4K ɗin ya ci gaba da yawa, sai in nemi 5700X. Malam, in ta kwance ce ta zo daga waje ba kwali, ana iya amincewa?

Malam Mai Gyara: Ana iya, in an gwada. Kar ka biya sai an sa ta a injinka a gabanka, CPU-Z ya faɗi sunanta da zuciya takwas, RAM ta nuna hanya biyu, ta yi rabin awa tana aiki mai nauyi ba ta mutu ba. Rubutun da ke bayan ƙarfen ba shaida ba ne, ana gogewa a sake. Ka duba ƙafafun a hasken rana. Ondilan kuma kar ka ɗauki ƙaramin nan na 650 VA, ba zai daɗe yana riƙe injinka da allo ba in suna cikin aiki. Ka biyo shago bayan la'asar da sunan akwatin wutarka mu yi lissafin wanda ya dace, mu sabunta BIOS ɗin gaba ɗaya tun 3600 tana ciki.

Ɗan Wasa 227: Yaya in ka tashi sayar da 3600 ɗin ni ne na farko a layi.

Bakatsine: Kai da ka ce X3D kawai?

Ɗan Wasa 227: Ni Ryzen 3 2200G gare ni, yaya. Bakina ne kawai ke da X3D.